Sunansa a Kan Farin Ƙyalle

Litinin, 2 ga Mayu 1977, da hantsi

Malama Lidiya ta ce mana a ajin yaƙi da jahilci, wadda ba ta rubutu kullum hannunta zai manta. Yau sati shida ke nan ba a yi aji ba, tun ranar kwalbati. Ita tana kwance a Damari wajen danginta. To ga shi ina rubutawa don kada hannuna ya manta.

Ni ce Safara'u matar Malam, a Tafoki. Na haura arba'in kafin in fara riƙe fensir.

Ɗana na fari ba na faɗin sunansa, kamar yadda uwata ba ta faɗi na yayana ba har ta koma ga Allah. A nan ma Mai Shanu zan riƙa ce masa, yadda nake ce masa a gida. Hannuwansa sun fara yin sabuwar fata. Na dama ya fi warkewa. Yana iya riƙe igiya, amma har yau bai fita da amalanke ba.

Ba ya cin abinci sosai.

Talata, 3 ga Mayu, bayan azahar

Bari in rubuta abin sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Motar kasuwa ta taso daga Ƙanƙara da la'asar, cike da mutanenmu da na Damari. A kwalbatin da ke kusa da gonarmu wasu mutane masu rufaffun fuskoki suka tare ta. Abin da suka yi sun yi. Ba su ɗauki ko buhu ɗaya ba. Suka cinna wa motar wuta suka shige daji. Har yau ba wanda ya san ko su wane ne, ko me aka yi musu.

Mai Shanu yana gona yana sauke taki. Ya juye takin a nan ya koro shanun. Mutum tara ya fitar daga cikin motar. Sau uku ya kai bakin kwalta ya dawo kafin motar asibiti ta iso. Biyu ba su yi rai ba. Ɗaya Mati ne, autan Mairo maƙwabciyarmu.

Kwana uku ana ce masa sannu. Ran na huɗu direban motar ya ce ɗaya daga cikin mutanen nan dogo ne. Mai Shanu dogo ne. Sai aka fara tambaya, yaya aka yi ya riga kowa zuwa? Aka kira shi Faskari, aka yi masa tambayoyi kwana biyu, aka sallame shi. Hukuma ta sake shi, Tafoki ba ta sake shi ba.

Yau da na isa rijiya hira ta mutu. Mairo ta ja gugarta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Wanda ya riga kowa zuwa wurin gobara, shi ya san inda ashana take."

Shekara ashirin muna aron dutsen niƙa da ita. Ita tana iya kiran sunan nata da ƙarfi in kuka ya zo mata, don auta ne.

Alhamis, 5 ga Mayu, da asuba

Malam ya ce a bar wa Allah. Na bar wa Allah. Tuwon Mai Shanu na jiya ma ya dawo kamar yadda aka kai shi.

Asabar, 7 ga Mayu, da yamma

Wata farar mota mai lasifika a ka ta shigo gari. Mutanen majigi ne daga Kaduna, sun sauka a sabuwar makarantar firamare. Babbansu Malam Audi, wandonsa mai faɗin ƙafa yana share ƙasa kamar tsintsiya. Sun ce ba nunawa suka zo yi ba, ɗauka suka zo yi. Za su yi majigi a kan ranar kwalbati, a nuna a garuruwa don mutane su koyi yadda ake taimakon wanda ya ji ciwo. Za su ɗauki mutanen gari su yi wasan.

Kowa murna yake yi. Ban da ni.

Na tuna Ɗanjuma na Damari. Shekarun baya aka yi majigin tsafta, aka ba shi riga sabuwa don ya fito a matsayin mutumin da bai haƙa masai ba, ƙuda suna bin tuwonsa. Mutumin nan ya fi kowa tsafta a unguwarsu. Amma tun daga ranar da aka haska shi ya zama Ɗanjuma Ƙuda. Ya tashi ya koma Sabuwa, sunan ya riga shi isa. Mutanenmu sun ce baki yana ƙarya, amma inji ba ya ƙarya. Abin da suka gani a farin ƙyalle, shi ne ya faru.

Litinin, 9 ga Mayu, bayan la'asar



Mai Shanu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina da takarda. Matarsa Zulaihatu tana tsince mini wake.

Ya ce, "Inna, an ba ni aiki a majigi."

Na ce wa Zulaihatu, "Tambaye shi wane aiki."

Ya ce, "Sun ce tsayuwa kawai zan yi. In na ƙi za a ce tsoron injin nake ji."

Shi allo ya yi, bai yi boko ba. Zulaihatu ta karɓo takardar ta miƙo mini. Na bi da yatsa. Jerin masu wasa ne. Layi na ɗaya, ma'aikacin agaji, wani baƙon suna daga Kaduna. Layi na biyu, direba. Na uku, mata masu kuka, guda shida. Layi na huɗu na karanta sau uku don ko na yi kuskure. An rubuta, mai bindiga na ɗaya, dogo. A gabansa haruffa biyar waɗanda na sani ko ido a rufe, ko da yake ban taɓa haɗa su da hannuna ba.

Na karanta musu aikin, na bar sunan.

Ya yi dariya marar sauti. Ashe Malam Audi tambaya ya yi a ƙofar fada ko akwai dogon mutum a gari, wani ya nuna gidanmu, aka yi ta dariya.

Ya ce, "In na yi, inji ya tabbatar. In na ƙi, tsoro ya tabbatar. An ce ana neman masu sauke siminti a Legas. Can ba wanda ya san tsawon kowa. In na tafi, Inna, ba dawowa."

Na ce wa Zulaihatu, "Ki gaya masa ba inda za shi."

Ban mayar da takardar ba. Tana ƙarƙashin fantekata.

Talata, 10 ga Mayu, da hantsi

Na yafa gyalen Sallah na tafi makaranta. Ban taɓa shiga gaban ma'aikacin gwamnati ni kaɗai ba. Malam Audi yana zaune a kan tebur yana shan lemon kwalba.

Ya ce, "Inna, in kuka kika zo yi, mata shida sun cika."

Na ce, "Ba kuka na zo yi ba, Malam. A kan ɗana na zo."

"Wane ne ɗan naki?"

Na yi shiru. Ya sake tambaya da ƙarfi, ya ɗauka kurma ce. Sai na shimfiɗa takardarsa a gabansa na ɗora yatsa na ce, "Layi na huɗu."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Ke kika karanta?"

"Ni na karanta. Kuma ka bar harafi ɗaya a bindiga."

Ya duba, ya yi dariya har ya ƙware. Na jira ya gama, na gaya masa komai, har da Ɗanjuma Ƙuda.

Ya ce, "Inna, wasa ne fa. Fuskarsa ma a rufe za ta kasance."

Na ce, "Tsawonsa ba a rufe yake ba."

Ya daina dariya. Ya jawo wata takarda mai hatimi ya ce rahoton da aka ba shi ke nan, kuma an rubuta ma'aikatan agaji ne suka kwashi mutane. Ba amalanke, ba shanu. Na ce ma'aikatan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma a bakin kwalta suka tarar da mutanen a jere, wa ya jera su? Ya ce kowace uwa ɗanta ne gwarzo. In ina da shaida daga wanda ke cikin motar, a rubuce, in kawo kafin Lahadi.

Na Tafoki da Mai Shanu ya fitar, biyu suna asibiti har yanzu, sauran sun ce hayaƙi bai bar su sun ga kowa ba. Tsoron bakin gari suke ji. Saura Malama, ita ma tana cikin motar ranar.

Laraba, 11 ga Mayu, da safe

Maigidana Malam ya ce mace ba ta ja da hukuma. Na ce ba hukuma ba ce, mai wando ne. Can ya ce motar Funtua da sassafe take wucewa, zai raka ni bakin hanya.

Juma'a, 13 ga Mayu, da yamma, a Damari

Mota biyu da babur ɗaya. Ban taɓa hawa babur ba, na riƙe rigar mutumin har ta yage. Duk hanya ana zuba tsakuwa, an ce kwalta za ta kai ko'ina.

Malama Lidiya tana kwance a rumfar yayanta, ƙafa a ɗaure da karare, hannun dama a naɗe. Ta rame. Amma tana ganina ta ce, "Safara'u, kin yi aikin gida?"

Na nuna mata littafin nan daga nesa. Na ba ta labari. Ba ta san ana faɗin haka ba, ba wanda ya gaya mata.

Ta ce, "Fuska ban gani ba, gaskiya, hayaƙi ya cika mini ido. Amma na ji warin taki. Na ji yana kiran shanu, Goje, Tauraro, ku yi haƙuri, saura sau ɗaya. Wane ɗan fashi ne ke ba wa shanu haƙuri? Kuma da ya ɗaga ni ƙafar ta motsa, na cije shi a kafaɗar hagu da duk ƙarfina. Je ki duba. Haƙorana suna nan, har da giɓin." Ta buɗe baki ta nuna mini inda haƙorinta ɗaya ya fita tun tana yarinya.

Na ce ta rubuta. Ta ɗaga hannun da ke naɗe ta ce, "Da me? Ɗauki fensir."

Tana faɗa ina rubutawa. Shafi guda cur, ban taɓa yin mai tsawonsa ba. Da muka zo wurin sunan na tsallake na bar fili.

Ta karɓa ta duba. "Wannan ramin fa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Haruffa nawa na koya miki, kika haɗiye su duka, biyar kawai suka tsaya miki a wuya? Takarda ba surukarki ba ce, ba ta san kunya ba."

Na ce, "Ni na santa."

Ta yi tsaki, ta cike ramin da hannun hagu. Ya fito a karkace kamar sawun kaza. Ta dangwala yatsa a ƙasan takardar.

Lahadi, 15 ga Mayu, bayan azahar

Da na dawo jiya na tambayi Zulaihatu ko akwai tabo a kafaɗarsa ta hagu. Ta saki muciya.

Ta ce, "Inna, ke ma kin sani? Sati bakwai ina kallon haƙoran nan, na tambaye shi ya ce bai tuna ba. Na ce a raina in ya warke ma yi maganar."

Na ce haƙoran Malama ne. Ta zauna a ƙasa tana dariya tana hawaye. Rabona da jin dariya a gidan nan tun ranar.

Na kai wa Malam Audi wasiƙar. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Ya ce, "Amalanken shanu a cikin hayaƙi. Wannan hoto ne." Ya soke layi na huɗu a gabana. Ya ce zai sa amalanken a wasan, a ara masa shanun. Amma mai tuƙawa sai ɗan wasan da suka taho da shi, don an riga an ɗinka masa kaki, kuma shi ya san inda ake tsayawa a gaban inji.

Na ce na gode. Rabin abin da na je nema ne, amma na fito ina jin kamar na fi ƙofar makarantar tsawo.

Litinin, 16 ga Mayu, da yamma

A rijiya an ce an cire shi ne don kada injin ya gane shi.

Talata, 17 ga Mayu, da hantsi

Zulaihatu ta ga ya ɗaure kayansa a buhu ya tura ƙarƙashin gado. An ce jibi za a ɗauki majigin. Na aika wa Malama saƙo da mai babur. Ban san me nake so ta yi ba. Na dai rubuta, Alhamis, a kwalbati.

Alhamis, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Bari in bi a hankali kada in tsallake wani abu.

Tun hantsi gari ya fita kwalbati. Mairo kaɗai ta rufe ƙofarta. Gawar motar tana nan inda take. Suka tara tsofaffin tayoyi da kara a bayanta suka kunna. Da warin ya bugo ni sai da na riƙe bishiya.

Ba wanda ya yarda ya yi mai bindiga. Dole direban Malam Audi da mai riƙe masa fitila suka naɗe fuska, dukansu gajeru. Masu kwanciya a ƙasa ma samari ne 'yan wasa, ana shafa musu jan garura suna ƙyalƙyala dariya.

Mai Shanu ya kawo amalanken ya miƙa igiya ya koma gefe, ya soke hannuwa a hammata. Ɗan wasan ya hau, kakinsa sai ƙyalli, da farin akwati a kafaɗa. Malam Audi ya ce a fara. Ɗan wasan ya kaɗa igiya. Goje ya dubi hayaƙin ya kafe. Ya yi musu magana da Turanci, ya yi da Hausa. Ya ɗaga bulala, Tauraro ya durƙusa ya kwanta abinsa. Sau huɗu ana farawa. Wani tsoho ya ce, "Malam, ka nuna musu rahoton mana." Aka fashe da dariya.

Ana cikin haka sai ga babur. Malama Lidiya ce a bayan yayanta, ƙafa a miƙe. Aka sauke ta. Ta dogara sanda har gaban motar, ta ce wa saurayin da ke kwance a wurin, "Tashi, ɗan nan, wurina ne. Kuma ba haka na kwanta ba." Ta kwanta a ƙasa da kanta.

Sai ta kira Mai Shanu da sunansa na yanka. Ta ce, "Zo ka ɗauke ni yadda ka ɗauke ni. Yau ba zan cije ka ba, na ranar nan ma bai goge ba. Buɗe kafaɗar su gani."

Bai motsa ba. Zulaihatu ce ta je ta janye wuyan rigarsa. Malama ta yage baki ta nuna giɓinta. Na kusa suka leƙa, suka gaya wa na baya.

Sai Baba Ɗanhausa, wanda ya ce hayaƙi bai bar shi ya ga kowa ba, ya fito daga cikin taro yana ɗingishi. Ya kwanta kusa da tayar baya, ya ce, "Ni nan nake. Da wuyan riga ya jawo ni." Sai wata mata. Sai wani. Mutum biyar suka kwanta a wurarensu.

Mai Shanu ya ce, a hankali, "Goje. Tauraro." Tauraro ya miƙe.

Ban san lokacin da Malam Audi ya kunna injin ba. Ban ga wasa ba. Na ga abin da ban gani ba ranar nan, ina gida ina tankaɗe. Na ga yadda yake shiga hayaƙi da kai a sunkuye, yadda ya tuɓe riga ya yayyaga yana ɗaure wa mutane, yadda yake sa ƙafa ya danne amalanken kada ya girgiza. Ni na haifi wannan. Na rufe fuska da gyale, ina kallo ta saƙar.

Da ya zo wani wuri sai ya tsaya. Ya ce, "Nan Mati yake. Shi na fara ɗauka."

Ba wanda zai kwanta a wurin mamaci. Ɗan wasan nan, Allah ya yi masa albarka, ya tuɓe kakinsa ya ajiye akwatin, ya ari tsohuwar riga ya kwanta. Ya ce, "Gaya mini abin da ya ce." Mai Shanu ya sunkuya ya gaya masa a kunne. Malam Audi ya sa kunne ya rubuta. Ni ban ji ba.

Da aka gama Malam Audi ya zo inda nake, wandonsa duk toka. Ya ce, "Inna, kin ɓata mini jerin takarda."

Na ce, "Dama da kuskure a ciki."

Juma'a, 20 ga Mayu, da safe

Sun tafi. Na tambaya yaushe za a nuna, ya ce sai an kai hoton an wanke. Na ce me za a wanke? Ya ce haka ake yi. Na ce kada dai a wanke shi daga ciki. Ya yi dariya, amma bai ce a'a ba. Ya ce akwai manya a sama da shi, kuma su rahoto suka sani.

Mai Shanu ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Laraba, 1 ga Yuni, da yamma

Ruwan shuka ya sauka. Ya fita da shanu.

Waɗanda suka je kwalbati suna gaishe shi. Waɗanda ba su je ba sun ce a jira a ga abin da inji zai ce. Buhun yana ƙarƙashin gado har yanzu.

Asabar, 18 ga Yuni, da hantsi

Na aika wa Mairo danwake. Kwanon ya dawo a wanke, ba saƙo. Ban sani ba ko ci ta yi ko kaji ta ba.

Lahadi, 3 ga Yuli, bayan azahar

Shiru. Wane irin wanki ne wannan?

Alhamis, 21 ga Yuli, da la'asar

Mai shela ya zaga. Ranar kasuwa mai zuwa za a nuna a Ƙanƙara bayan magariba, daga nan Faskari, daga nan Sabuwa. In sun sa mai kaki fa? In sun yanke? Tsabar ruɗewa, na ɗebo gero na zuba a tukunyar miya.

Laraba, 27 ga Yuli, da hantsi

Muryata ta dushe. Bari in rubuta tun da ba na iya magana.

Mota uku Tafoki ta cika. Da muka zo kwalbati kowa ya yi shiru har muka wuce. Mairo tana cikin motarmu, can ƙurya. Ban san wa ya lallashe ta ba.

An ɗaure farin ƙyalle a filin kasuwa. Mutane kamar ranar Idi. Hadari ya haɗo ta gabas, ya tsaya yana kallo shi ma. Mu mata muna gefe guda a kan tabarmi. Malama Lidiya tana damana da sandarta. Mairo tana bayana, ina jin numfashinta.

Aka fara da majigin takin zamani, na ƙosa. Sai ga kwalbatinmu. Ga gajerun masu bindiga, aka yi ta tsine musu. Sai hayaƙi ya cika ƙyallen. Daga cikin hayaƙin kan Goje ya fito, sai Tauraro, sai shi a tsaye a kan amalanke, ya fi rumfar kasuwa tsawo.

Ba su wanke shi ba.

Mutanen Ƙanƙara da ba su san shi ba suna ta cewa, kai, wannan namiji ne. Mai bayani a lasifika yana cewa ku dubi yadda ya ɗaure sama da ciwon, ku dubi yadda bai ja ƙafar da ta karye ba. Da ya ɗauki na farko ya ɗora kansa a cinya, mai bayanin ya sassauta murya. Ya ce, "Wannan bawan Allah bai yi rai ba. Abin da ya ce na ƙarshe shi ne, ka gaya wa Inna ban manta da kanwar da ta aike ni in sayo ba."

Na ji hannu ya damƙi kafaɗata ta baya. Mairo ce. Ta ce a kunnena, "A aljihunsa na same ta, a ƙulle. Ban gaya wa kowa ba." Ta ce, "Sau biyu ɗanki ya zo ƙofata na ƙi buɗewa." Ba ta sake ni ba har aka gama.

A ƙarshe rubutu ya fito, fari a kan baƙi, manya-manya. Daidai nan iska ta taso, lasifikar ta yi ƙara ta mutu. Rubutun yana tsaye, ba mai faɗa. Mata suka fara, me aka ce, me aka rubuta?

Na taɓa Malama. Ta ce, "Idona bai gama warkewa ba." Ƙarya take yi, da rana ta zare ƙaya a yatsana.

Mairo ta ce, "Safara'u, ke ce mai karatu. Me aka ce?"

Na miƙe. Ban san na miƙe ba. Na karanta, wannan abu ya faru da gaske a kusa da Tafoki. Wanda kuka gani ba ɗan wasa ba ne. Manomi ne, shi ya fara zuwa, shi ya ceci mutum bakwai. Sunansa.

Na tsaya. Shekara ashirin da shida ban taɓa faɗinsa ba. Ga surukai, ga dangin Malam, ga Tafoki gaba ɗaya. Na ji kamar uwata tana kallona.

Wata daga baya ta ce, "Ba mu ji ba."

Sai na faɗa. Ba a hankali ba. Na faɗa yadda ake kiran mutum daga wata gona zuwa wata, har ɓangaren maza suka waiwayo. Mairo ce ta fara guɗa, muryarta a karye, sauran suka karɓe. Samari suka ɗaga shi sama yana roƙo a sauke shi. Ruwa ya tsuge, ba wanda ya gudu.

A mota, da muka kusa gida, Malam ya juyo wajena. Ya ce, "An ji ki har tasha." Na ce lasifika ce ta mutu. Ya ce, "Ai ba ta mutu ba, canja ta aka yi."

Da safen nan Zulaihatu ta shanya kayan buhun a igiya. Mairo ta aiko a ara mata dutsen niƙa. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofata, ya daɗe yana wasa da igiyar shanu.

Ya ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce wa Zulaihatu, "Ki gaya masa rana tana yi, gona tana jira."

Ya tafi yana dariya. Ba zan ƙara faɗa ba, sau ɗaya ya isa mutum. Amma Malama ta ce takarda ba surukata ba ce.

Bilya.